Kafin a jefa wa ɗan kwikwiyo ƙashi

Washegarin Babbar Salla a Damagaram rana ce ta ƙasusuwa. Ragunan da aka banƙare a kan itatuwa aka jera su kewaye da wuta tun jiya, yau ake saukewa a sassara, a raba wa dangi da maƙwabta, abin da ya rage mata su soye, kuma kafin la'asar babu lungun da za ka bi a Birni ko Zango ba ka taka guntun haƙarƙari ko ƙashin cinya ba. A irin wannan rana ce ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, fuskarsa a jagule, ya ce: "Kawu, zo ka duba mini karen nan, tun safe ya ƙi cin komai, sai yawu yake zubarwa." Ɗan kwikwiyo ne da bai wuce wata uku ba, wanda aka samo masa daga wajen wani makiyayi ta hanyar Mirriya. Na tarar da shi a gindin randa yana kai ƙafar gaba bakinsa yana karta, ya buɗe baki ya rufe kamar mai neman fitar da wani abu, yawu yana tsiyaya har ƙasa. Wata tsohuwa a gidan ta ce kada kowa ya kusance shi, hauka ne ya kama shi, kuma ban ga laifinta ba. Muka lulluɓe shi da buhu muka kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan bai taɓa shi ba sai da ya tambaya ko an yi masa allura, ko wani kare ya taɓa cizonsa, sannan ya sa safar hannu, ya haska bakin da tocila. Guntun haƙarƙarin rago ne mai tsawon ɗan yatsa ya gitta a rufin bakin, ya maƙale tsakanin haƙoran sama na dama da na hagu kamar an auna shi an kafa. Da hantsaki ya zaro shi, kuma ba a yi minti goma ba ɗan karen ya soma lasar ruwa.

Wannan shi ne mafi sauƙin abin da ƙashi ke yi wa ɗan kwikwiyo, domin ya tsaya a inda ido ke gani, hannu kuma ke kaiwa. Tun daga ranar nake bibiyar maganar, kuma na lura cewa tambayar da mutane ke yi, wato ko ƙashi yana da kyau ga kare ko ba shi da kyau, ta yi faɗi da yawa har ba ta amsuwa. Dole a rarrabe: wane ƙashi, dafaffe ko ɗanye, na wace dabba, ga kare mai wata nawa, kuma a wane gari, tunda abin da mai kare a Faransa zai iya kasada da shi saboda akwai asibitin da zai yi masa tiyata cikin dare, ba lalle ne mai kare a Karkada ko Garin Malam ya iya kasada da shi ba.

A fara da bakin ɗan kwikwiyon kansa. Ana haihuwarsa babu haƙori ko ɗaya. Daga wajen mako 3 zuwa mako 6 haƙoran nono suke tsirowa, guda 28, sirara masu tsini kamar ƙaya, kuma duk wanda ɗan kare ya taɓa kama masa yatsa da wasa ya san kaifinsu. Amma kaifi daban, ƙarfi daban. Waɗannan haƙora ɓawonsu ba shi da kauri, ramin da jijiya da jini ke ciki kuma yana da faɗi, saboda haka ba su da wuyar karyewa. Daga wata 3 zuwa 4 suke fara zubewa, na dindindin guda 42 suna maye gurbinsu, aikin kuma ba ya kammala sai wajen wata 6 zuwa 7. A tsawon wannan lokaci dasashi yana ƙaiƙayi yana zafi, shi ya sa ɗan kare ba ya barin takalmi, ko ƙafar kujera, ko bakin tabarma. Bahaushe ya ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, to a wannan shekaru ba rashin ji ne ke sa shi ɗauka ba, bakinsa ne ke neman abin da zai danna. Bukatar gwagwiya gaskiya ce, kuma wanda ya hana shi komai bai kyauta masa ba. Sai dai bukatar gwagwiya ba ita ce bukatar ƙashi ba, a nan ne mutane da yawa suke haɗa abubuwa biyu su mai da su ɗaya.

Idan haƙorin nono ya karye a kan abu mai tauri, musamman fiƙa, mutum zai iya cewa ai dama zubewa zai yi. Abin da ba ya gani shi ne, a ƙarƙashin saiwar wannan haƙori haƙorin dindindin yake kwance yana girma. Karyewar tana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya su bi ramin jijiya su gangara har saiwa, su tara mugunya a daidai inda sabon haƙorin yake, sai ya fito da tabo, ko a karkace, ko ɓawonsa a lalace, kuma da shi karen zai rayu har tsufa. Ko bayan na dindindin sun fito, a watannin farko bangonsu bai gama kauri ba. Haƙorin da ya fi karyewa a wajen tauna abu mai tauri shi ne babban matauni na sama da ke can gefen baki, wanda kare ke yanka nama da shi kamar almakashi: gefensa ne ke ɓallewa kamar an fasa dutse. Kare ba ya kuka da ciwon haƙori yadda mutum ke yi, yana ci gaba da cin abincinsa da ɗaya gefen, sai wata rana a ga kumburi ya taso a ƙarƙashin idonsa, a yi ta zaton kunama ce ko wani ƙwaro, alhali saiwar haƙori ce ta ruɓe.

Game da dafaffen ƙashi kuwa babu wata gardama tsakanin likitocin dabbobi, kuma ni ma ban ga wurin sassauci ba. Ƙashi ɗanye yana da ruwa a jikinsa, yana kuma da wani sinadari mai danƙo da ke ba shi ɗan lanƙwasa, shi ne wanda ke narkewa ya sa romon ƙafar saniya ya yi kauri har ya daskare idan ya huce. Wuta tana fitar da ruwan, tana lalata danƙon, abin da ya rage sai ya zama busasshe mai tsagewa kamar fasasshen tangaran. Ragon layya da ya wuni a gefen wuta, aka kuma sake soya shi a mai, ƙashinsa ya kai ƙarshen wannan bushewa. Haka ƙashin balangu, haka na kaza da na zabo da na tantabara, waɗanda dama ƙasusuwan ƙafafunsu da fikafikansu kamar bututu suke, suna tsagewa a tsaye su bar tsini. A ƙara da yadda mahautanmu ke sara da gatari ko adda a kan kututture: tsaya a rumfar nama a Kasuwar Dole ka duba abin da ke faɗowa ƙasa, za ka ga gutsattsari masu baki uku ko huɗu, kowane baki yana iya yanka. Ɗan kwikwiyo kuma ba ya tauna abu a tsanake, musamman in ya ga wani kare ko yaro yana matsowa, haɗiyewa yake yi don kada a ƙwace.

Bin hanyar da guntun zai bi ya isa ya nuna girman hatsarin. A baki zai iya gittawa a rufin baki kamar yadda na gani, ko ya yanki harshe. Ƙashin ɓargo da aka yanka zagaye kamar zobe yana shigewa muƙamuƙin ƙasa ya zauna a bayan fiƙoƙi, ba ya fita sai an yi wa kare allurar barci an yanke ƙashin. In ya wuce baki ya kuskure hanya ya toshe maƙogwaro, numfashi ne ke tsayawa, wannan kuma maganar mintoci ce. In ya bi hanyar abinci, akwai wurare uku da ta ƙuntata inda ya saba tsayawa: mashigar ƙirji, daidai saman zuciya, da gab da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ƙashin da ya kwana biyu a nan yana danne naman wurin har ya mutu ya huje, ƙazanta ta zuba cikin ƙirji, kuma ciro shi na bukatar siririn bututu mai kyamara ko tiyatar buɗe ƙirji, aikin da ba kowane gari ake samun kayansa da masu yin sa ba. In ya kai tumbi, gaskiya ne ruwan cikin kare yana da tsami ƙwarai, yana narkar da ƙananan gutsattsari da yawa, shi ya sa karnuka da dama ke ci su kwana lafiya. Wanda bai narke ba shi ke wucewa hanji, hanjin ɗan kwikwiyo kuwa faɗinsa bai fi ɗan yatsa ba. Can ƙarshe kuma garin ƙashin da ya taru yana curewa ya yi tauri kamar busasshen laka, sai a ga ɗan kare yana tsugunawa yana nishi yana kuka, abin da ke fita fari ne mai gari kamar alli, wani lokaci da jini.

Wani zai ce to a sayi irin ƙasusuwan kanti da ake shigowa da su cikin leda, waɗanda aka busar ko aka yi musu hayaƙi. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa daga Nuwamban 2010 zuwa Satumban 2017 ta karɓi rahotanni kimanin 68 na rashin lafiya da ke da nasaba da irin waɗannan ƙasusuwa na kanti, sun shafi karnuka kusan 90, kuma 15 daga ciki sun mutu. Leda mai hoton kare ba ta canja abin da zafi ya riga ya yi wa ƙashi.

Inda gardama take da gaske shi ne ɗanyen ƙashi, kuma masu goyon bayansa ba maganar banza suke yi ba. Suna cewa ba ya tsagewa kamar dafaffe, wannan haka ne. Suna cewa gwagwiyar nama da jijiya da guringuntsi a jikin ƙashi tana kankare dattin haƙora, tana kwantar wa kare da hankali, wannan ma haka ne. Mafarauta da makiyaya kuma suna da hujjar da ta fi kowace nauyi a kunnen mutanenmu: kaka da kakanni karnukan farauta da na ruga ƙashi suke ci, ga su nan da ƙarfinsu suna kamun zomo. Amma ina roƙon mai wannan hujja ya tuna ƴaƴa nawa karya ke haifa a ciki ɗaya, nawa ne kuma ke kai shekara. Waɗanda muke gani suna gudu a bayan garke su ne waɗanda suka tsira. Ƴan'uwansu da suka mutu suna da wata biyu ko uku babu wanda ya buɗe cikinsu ya ga abin da ya kashe su, an ce dai ciwon ciki ne aka jefar da su a bayan gari. Ba ina cewa ƙashi ne ya kashe su duka ba, cututtuka da tsutsar ciki da yunwa sun fi shi kisa. Ina cewa ne tsirar waɗanda suka tsira ba ta isa shaida a kan lafiyar abin ba.

Wanda ya bar dafaffe ya koma ɗanye, tsugune ba ta ƙare masa ba. Ƙashin ƙafar saniya ko na raƙumi, wanda aka halitta don ɗaukar nauyin dabba mai ɗaruruwan kilo, ɗanyensa ma yana fasa haƙorin babban kare, balle na ɗan wata huɗu. Ɓargon da ke cikinsa kusan duk kitse ne, yana sa ɗan kwikwiyo zawo, wani lokaci ya kumbura gaɓar da ke gefen tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ciwo mai tsanani da ke zuwa da amai. Sai kuma ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da Kamfilobakta, waɗanda ɗanyen nama ke ɗauke da su ko da daga lafiyayyar dabba ya fito. Babban kare yakan ɗauke su ba tare da ya kwanta ba, ɗan kwikwiyo kuwa garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, kuma zawon kwana ɗaya ya isa ya tsotse masa ruwan jiki. A nan yanayin garinmu ya shigo cikin lissafi. A watan Afrilu da Mayu zafi a Damagaram yana haura digiri 40, kuma a irin ɗumin da suke so wasu ƙwayoyin cuta suna ninka yawansu cikin kimanin minti 20. Ƙashin da aka sayo da hantsi, ya wuni a leda, aka jefa wa kare da yamma, ya ja shi cikin turɓaya, ya binne, ya tono gobe, ba shi ne ƙashin da masu rubuce-rubuce a ƙasashen sanyi ke nufi ba idan suna yabon ɗanyen ƙashi, su da ke ciro shi daga firigo su mai da shi bayan kwata ɗaya na awa.

Abin kuma bai tsaya kan kare ba, wannan ne ɓangaren da ya fi damuna. A gidajenmu tsakar gida ɗaya ce: nan kare ke jan ƙashinsa, nan jariri ke rarrafe, nan ake shanya tsaba, nan ake ajiye kwanuka. A 2019 hukumomin lafiya na Amurka sun bi sawun wata ɓarkewar Salmonela da ta kama mutum 154 a jihohi 34, suka gano tushenta a busassun kunnuwan alade da ake sayar wa masu karnuka don gwagwiya. Mu nan ba mu da hulɗa da alade, amma busar da kunne ko fata ko jijiya a rana, ta kowace dabba ce, ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma mutanen da suka kamu ba cin kunnen suka yi ba, taɓa shi suka yi ko suka taɓa karen da ya ci.

Akwai wata cuta da ta fi wannan kusa da mu. Mahauci ya kan fede rago ko raƙumi ya tarar da wata jaka mai ruwa a hanta ko a huhu, ya yanke wurin ya jefa wa karnukan da ke zagaye mayanka. Wannan jaka cike take da ƴaƴan wata ƙaramar tsila. A hanjin kare suke girma, bayan makonni kaɗan su fara zubar da ƙwai cikin kashinsa, ƙwan ya manne a gashinsa da bakinsa da ƙasar gida. Idan ya shiga cikin mutum, sau da yawa yaron da ke wasa da ɗan kwikwiyo, sai irin wannan jaka ta fara girma a hantarsa ko huhunsa a hankali, shekaru ba a sani ba, maganinta kuma sau da yawa sai tiyata. Akwai ƴar'uwarta da ke yin jaka a ƙwaƙwalwar tumaki da awaki har dabba ta riƙa juyi wuri ɗaya, ita ma ta hanyar kare take zagayawa idan aka ba shi ɗanyen kai. Saboda haka ɗanyen kan rago, da huhu, da hanta mai ƙullutu, ba abin jefa wa kare ba ne ko babba ne, binnewa mai zurfi ko ƙonawa ya kamace su. Mushe kuwa, musamman dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ƙashinta da fatarta ba abin kusanta ba ne sam, domin ciwon saifa yana nan a ƙasashenmu, ƙwayarsa kuma tana shekaru a ƙasa da ƙashi ba ta mutu ba.

Hujja ɗaya ta masu ba da ƙashi ta cancanci a tsaya a kanta da kyau, ita ce ta sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashin jiki. Ɗan kwikwiyo a yawancin gidajenmu sauran tuwo yake ci, da ƙanzo, da dusa, da ɗan abin da ya rage na fura. Hatsi ba shi da kalsiyam mai yawa, kuma dusa tana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana jiki sha. Wanda ya ga yana kyautatawa ya ciyar da shi tsokar nama zalla, shi ma bai tsira ba, domin tsoka tana da wani sinadarin da ake kira fosforas mai yawa da kalsiyam kaɗan, alhali jikin ɗan kare yana son su kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan rinjaya. In aka rasa, jiki yana kwaso shi daga ƙasusuwan kansa, sai a ga ƙafafu sun lanƙwashe, ɗan kare yana ɗingishi, ƙashinsa yana karyewa a kan ƙaramin tsalle. Don haka mai cewa ƙashi yana ƙara wa ɗan kwikwiyo ƙarfi ya hango wata gaskiya. Sai dai gyaran ba ya bukatar ƙashin da za a haɗiya gutsure-gutsure. Makiyaya sun daɗe suna raino da nono, kuma kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi a cikin ɗan kare. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka busar aka daka ya yi laushi kamar gari shi ma kalsiyam ne, ana barbaɗa ɗan kaɗan a abinci bisa awon da likitan dabbobi ya faɗa. Na ce bisa awo ne saboda yawan ma cuta ne: kafin wajen wata 6 hanjin ɗan kwikwiyo bai iya rage shan kalsiyam idan ya yi yawa, gwargwadon yawan da aka ba shi, gwargwadon yawan da jikinsa ke sha. Binciken da aka yi a jami'ar Utrek ta ƙasar Holan a shekarun 1980 a kan ƴaƴan wani jinsi na manyan karnuka ya nuna cewa yawan kalsiyam yana ɓata girman ƙashi da gaɓoɓi. Masu sayen manyan karnukan waje don gadi, waɗanda ke ba su abincin buhu da aka riga aka daidaita sannan su ƙara musu ƙashi da ƙwayoyin kalsiyam, su ne wannan ya fi shafa.

Sauran abubuwan gwagwiya da ake kira na asali, kowanne da halinsa. Ƙaho da kofato sun fi ƙashi ma fasa haƙori, kofato kuma yana tsagewa da kaifi. Likitocin haƙoran dabbobi suna da wani awo mai sauƙi da kowa zai iya yi: danna abin da farcen babban yatsa, in bai lotsa ko kaɗan ba, ya fi ƙarfin haƙori. Busasshiyar fata tana wuce wannan awo bayan ta jiƙa da yawu, amma matsalarta daban ce, tana laushi ta yi santsi, ɗan kare ya yage babban yanki ya haɗiye, ta je ciki ta kumbura ba ta narke da wuri ba. Damagaram garin majema da dukawa ne, ragowar fata ba ta da wuyar samu, to a sani cewa fatar da ta sha toka da bagaruwa da rini, balle wadda aka jeme da sinadaran zamani, an yi ta ne don takalmi da jaka. Busasshiyar jijiya da guringuntsi sun fi waɗannan sauƙi, kuma ga kare da ya gama canja haƙora za a iya ba shi babba wanda ya fi ƙarfin haɗiya, a tsaya a kansa, a karɓe idan ya rage guntu. Maƙogwaron saniya da naman wuya kuwa kada su zama na kullum, domin sukan zo da ragowar wata ƙaramar gaɓa ta wuya mai sarrafa kuzarin jiki, wadda yawan cinta ke sa kare rama da bugun zuciya. Kilishi ba ya cikin lissafi ko kaɗan, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga gishiri ga barkono. Tsinken tsire, da totuwar masara, da ƙwallon mangwaro, da na goruba, suna cikin abubuwan da ke toshe ko huda hanji, kuma a bola ɗan kare ke samo su ba a hannun mai shi ba, shi ya sa rufe shara rabin tsaro ne.

Abin da za a ba shi a madadi ba shi da tsada. Tsumma mai kauri da tsabta, a ƙulla shi, a jiƙa da ruwan randa mai sanyi, yana sanyaya dasashi, muddin ana kallonsa ana karɓewa da zarar ya fara zare zare, domin dogon zare a hanji ya fi ƙashi ma haɗari. Babban karas ɗanye yana ba shi abin gurgura mai narkewa. Wanda ke da hali ya sayi abin wasa na roba mai ƙarfi da aka yi musamman don ƴan kwiyakwiyai, wanda ya fi bakinsa girma, ba tsohon silifa ko guntun taya ba. Idan kuma ana son ya ji ɗanɗanon layya, a yankar masa tsoka ko tumbi, a dafa ba gishiri ba albasa, a cire ƙashi tas. Ra'ayina, bayan duk abin da na karanta da wanda na gani, shi ne kafin wata 6 zuwa 7 kada a ba ɗan kwikwiyo ƙashi kowane iri, dafaffe kuma kada a ba kare ko shekararsa nawa. Bayan haka wanda ya nace, ya nemi ɗanye na ranar, daga dabbar da aka duba a mayanka, babba mai nama da guringuntsi a jiki ba ƙashin ƙafa ba, ya ba shi bayan ya ci abinci ya ƙoshi, a wuri ɗaya nesa da yara, na ɗan lokaci, sannan ya musanya masa da wani abin ci ya ɗauke ya jefar. Musanyar tana da muhimmanci, domin karen da ake fizge wa ƙashi yana koyon haɗiya da sauri da kuma kai cizo.

Idan ƙaddara ta riga fata ɗan kwikwiyo ya haɗiye ƙashi, alamomin da za a sa wa ido su ne amai a kai a kai, dawo da abinci ko ruwa nan take bayan haɗiya, ƙin ci, takurewa da ƙin a taɓa ciki, nishi wajen kashi, baƙin kashi ko mai jini. Kada a ɗura masa ruwan gishiri ko manja ko man gyaɗa don ya yi amai, domin tsinin da ya yanka wajen sauka zai sake yanka wajen hawa, man kuma yana iya bin hanyar numfashi ya faɗa huhu. A kai shi wurin likita a ranar, a faɗa masa gaskiyar abin da ya ci da lokacin da ya ci, tunda amai da zawo mai jini a ɗan kwikwiyon da ba a yi wa allura ba suna iya zama wata cutar daban mai saurin kisa, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne.

Na dawo kan tsohuwar da ta hana mu taɓa ɗan kwikwiyon ɗan ƙanwata. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da haushi da kai cizo ba. Akwai nau'insa mai shiru, wanda ke shanye muƙamuƙi da maƙoshi, kare ya saki baki, yawu yana zuba, ya kasa haɗiya, yana kakari, daidai da wanda ƙashi ya maƙale wa. Littattafan likitancin dabbobi sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan kama, saboda mutane sun kamu da cutar ta hanyar zura hannu a bakin karensu suna laluben ƙashin da babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma da zarar alamominta sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da ita, ƙanƙantarsa ba kariya ba ce. Wanda yawun kare mai irin wannan alama ya taɓa masa rauni, ko haƙori ya karce shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar ba tare da jiran ganin abin da zai faru da karen ba. Abin da ya sa likitan nan ya fara da tambayoyi da safar hannu ke nan, kuma kafin mu bar wurinsa sai da ya ce wa yaron: "Ɗana, ka dawo mini da shi ranar Alhamis in bakin ya warke, a yi masa allurar hauka da maganin tsutsa, kuma daga yau duk abin da ya maƙale masa kada ka sa hannunka, ka kawo shi."